Shin yafe kuɗin jami'a ga ɗaliban da su ne na farko a gidansu yana kai su ga digiri da aikin yi?

Tambaya: Ni malama ce, aikina shi ne ba 'yan ajin ƙarshe na sakandare shawara a kan karatun gaba. Ina yawan jin ana cewa idan gwamnati ta yafe kuɗin makaranta ga ɗaliban da babu wanda ya taɓa yin digiri a gidansu, to matsalarsu ta ƙare. Ina so in san abin da bincike ya nuna: shin yafewar tana ƙara yawan masu shiga jami'a, shin waɗanda suka shiga suna kammalawa, kuma shin suna samun aikin da ya fi wanda za su samu da ba a yafe musu ba?

Amsa: Malama, tambayoyi uku kika haɗa, kuma amsoshinsu ba ƙarfi ɗaya gare su ba. Game da shiga jami'a, hujja ta yi yawa har babu sauran gardama: idan aka rage wa ɗan talaka kuɗin karatu, aka kuma sanar da shi a kan lokaci, yana shiga. Game da kammalawa, yafewar ita kaɗai takan gaza, wani lokaci ma takan jawo akasin abin da ake nema, sai fa idan an haɗa ta da kuɗin zama da kuma mai sa ido a kan ɗalibin. Game da aiki kuwa, digirin yana biyan wanda ya samu, amma ba ya kawo shi daidai da abokin karatunsa wanda iyayensa suka yi jami'a. Ina goyon bayan irin wannan shiri, kuma saboda ina goyon bayansa ne nake jin ciwo idan na ga an tsara shi kamar kuɗin rajista ne kaɗai ke tsakanin yaron nan da digiri.

Kafin komai sai mun san wa ake nufi, domin a nan ake fara samun ruɗani. A dokar Amurka da ke kula da shirye-shiryen tallafin da ake kira TRIO, waɗanda tushensu ke cikin dokokin tsakiyar shekarun 1960, ɗalibi na farko a gidansu shi ne wanda babu ɗaya cikin iyayensa da ya kammala digirin farko. Wasu jami'o'in sun fi tsanantawa, sai wanda iyayensa ba su taɓa taka wata makarantar gaba da sakandare ba. Wasu kuma suna shigo da yayye da kakanni cikin lissafi. Robert Toutkoushian da abokan aikinsa sun ɗauki rukunin ɗalibai guda a Amurka suka gwada ma'anoni daban-daban a kansu, sai adadin waɗanda suka cancanci sunan ya tashi daga kashi 22 cikin 100 zuwa kashi 77, gwargwadon ma'anar da aka ɗauka. Saboda haka duk lokacin da kika ji an ambaci wani shiri, fara tambayar wa ya shiga ciki, wa aka bari a waje, domin shirin da ya ɗauki kashi ɗaya bisa biyar na ɗalibai da wanda ya ɗauki kashi uku bisa huɗu sun yi tarayya a suna kawai.

Cewa waɗannan ɗalibai suna cikin matsi abu ne da alƙaluma suka tabbatar. Cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin Amurka ta bi sawun waɗanda suka fara karatun gaba da sakandare a zangon 2003 zuwa 2004, ta tarar bayan shekara uku kashi 33 cikin 100 na waɗanda iyayensu ba su je kwaleji ba sun bar karatu ba tare da wata shaida ba, alhali cikin 'ya'yan masu digiri kashi 14 ne kawai suka bari. Sai dai wannan giɓi bai gaya mana abin da yafe kuɗi zai gyara ba. Haka nan kwatanta waɗanda suka samu tallafi da waɗanda ba su samu ba yana iya yaudarar mai dubawa, domin wanda ya ji labarin tallafin, ya cike takardu, ya bi layi har ya samu, da ma can ya bambanta da wanda bai nema ba. Shi ya sa binciken da nake dogara da shi iri biyu ne: wanda aka raba tallafin ta hanyar ƙuri'a, da wanda aka kwatanta ɗaliban da suka haye makin cancanta da ƙyar da waɗanda suka faɗi ƙasa da shi da ɗan kaɗan. Yawancin waɗannan bincike an yi su ne a kan 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi gaba ɗaya, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu su ne na farko a gidajensu.

A kan shiga jami'a, binciken da aka fi ambata shi ne na Susan Dynarski. Har zuwa farkon shekarun 1980, hukumar fansho ta Amurka tana biyan 'ya'yan ma'aikatan da suka rasu wani alawus muddin suna karatun kwaleji, sai majalisa ta soke shi, aka daina ɗaukar sababbin ɗalibai a 1982. Dynarski ta kwatanta marayun da suka gama sakandare kafin sokewar da waɗanda suka gama bayanta, ta gano cewa kowace dala 1,000 ta tallafi tana ƙara kusan mutum 4 cikin kowane 100 a kan masu shiga kwaleji. Bincike da dama da suka biyo baya sun samu adadi makamancin wannan.

Amma wanda ya fi koya mana halin ɗalibi na farko a gidansu shi ne gwajin da aka fara a Jami'ar Mishigan a 2015, wanda aka sa wa suna HAIL. Jami'ar ta lura cewa haziƙan ɗalibai daga gidajen talakawa na jihar ba sa ko neman gurbi a wurinta, duk da cewa idan suka nema aka ɗauke su, yawancinsu da ma za su samu tallafin da ya rufe kuɗin karatunsu. Sai aka raba makarantun sakandare gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A rukuni ɗaya aka aika wa kowane ɗalibin da ya cancanta wasiƙa da sunansa, ana yi masa alƙawarin shekara huɗu na karatu kyauta idan aka ɗauke shi, ba tare da sharaɗin cike takardun neman tallafi ba, aka kuma rubuta wa iyayensa da shugaban makarantarsu. Ɗaya rukunin aka bar shi yadda yake. Cikin waɗanda ba a rubuta wa ba kashi 26 cikin 100 ne suka nemi gurbi, cikin waɗanda aka rubuta wa kuwa kashi 68. Masu shiga jami'ar suka tashi daga kashi 12 zuwa kashi 27.

Ki lura da cewa kuɗin da ɗalibin zai biya kusan bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne lokacin da ya sani da kuma tabbacin da ya samu. Daga baya masu binciken suka sake gwaji, suka aika wa wasu wasiƙa mai cewa karatu kyauta ne idan an tantance kuɗin shigar iyaye an ga sun cancanta, sai tasirin ya ragu ƙwarai a wajen neman gurbi, a wajen shiga kuwa kusan ya ɓace. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya zauna da irin waɗannan iyaye. Uban da ya yi jami'a ya san cewa farashin da aka rubuta a takardar makaranta ba shi ne ake biya a ƙarshe ba, ya san wa zai tambaya, ya san cewa kalmar tantancewa ba barazana ba ce. Uban da bai yi ba yana ganin adadin ne kawai, ya auna shi da abin da yake samu a shekara, ya rufe maganar tun yaron bai kai ajin ƙarshe ba, kuma babu mai zarginsa, domin rashin sani ya fi dare duhu. Wani gwajin da Eric Bettinger da abokan aikinsa suka yi tare da kamfanin H&R Block ya nuna abu guda ta wata fuskar: da aka taimaka wa iyaye suka cike fom ɗin neman tallafin tarayya nan take a ofishin lissafin haraji, adadin 'ya'yansu da suka yi shekara biyu a kwaleji ya tashi daga kashi 28 zuwa kashi 36 cikin 100, waɗanda aka ba bayani kawai ba tare da cike musu fom ba kuwa babu abin da ya sauya a wurinsu.

Shirin da ya fi dacewa da tambayarki kai tsaye yana jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya. Daga 2010 gwamnatin jihar ta ɗauki nauyin kuɗin karatun ɗaliban da babu mai digiri a gidansu, idan suka samu gurbi a kwasa-kwasan sana'a irin su injiniya da likitanci da aikin gona ta hanyar tsarin rabon gurabe na bai ɗaya da gwamnati ke gudanarwa. Abin da ya sa shirin ya fita daban shi ne bai duba ajin haihuwa ba, wato matakin da al'adar Indiya ke ɗora mutum a kai tun daga haihuwa, a ƙasar da yawancin tallafi ke bin wannan layi, bai kuma duba kuɗin shigar iyaye ba. Ɗalibi yana karɓo takardar shaida daga jami'in haraji na yankinsu cewa shi ne na farko, idan kuma wani ɗan'uwansa ya riga ya ci moriyar shirin, to shi ba zai samu ba. Hikimar wannan ma'auni a fili take. Inda yawancin mutane manoma ne da 'yan kasuwa da masu aikin hannu da ba su da takardar albashi, tantance kuɗin shiga wahala ne kuma ƙofar maguɗi ce, amma ko akwai mai digiri a gida ko babu abu ne da maƙwabta suka sani.

Duk da haka tsarin yana ɗauke da tambayoyi biyu da ya kamata duk mai son kwaikwayonsa ya tsaya a kansu. Ta farko ita ce sharaɗin mutum ɗaya a gida, wanda ke tilasta wa iyaye su zaɓa tsakanin 'ya'yansu. Idan babbar 'ya mace ce, ƙaninta namiji yana biye da ita da shekara biyu, a gidan da ake ganin karatun namiji ya fi dawo da riba, akwai haɗarin a ajiye damar har sai ya iso. Ta biyu ita ce inda ɗalibin zai zauna. Tamil Nadu tana da kwalejojin injiniya sama da 500 a shekarun da suka biyo bayan fara shirin, mafi yawansu na 'yan kasuwa, kuma dubban gurabe kan zauna babu kowa kowace shekara a waɗanda ba su da farin jini. Ɗalibin da ya fito daga makarantar ƙauye da maki matsakaici, wanda babu mai gaya masa wace kwaleji ce masu ɗaukar ma'aikata ke ziyarta, shi ne ya fi kusa da faɗawa cikin waɗannan gurabe, kuma kuɗin gwamnati na iya zama abin da ke raya kwalejin da ya kamata ta gyara ko ta rufe.

Wannan haɗari ba zato ba ne, an auna shi a wani wurin. Jihar Masachusets ta Amurka ta fito da tallafin Adams, wanda ke yafe kuɗin koyarwa a jami'o'in gwamnatin jihar ga waɗanda suka yi fice a jarrabawar jiha, farawa da waɗanda suka gama sakandare a 2005. Sarah Cohodes da Joshua Goodman suka kwatanta waɗanda suka haye makin da ƙyar da waɗanda suka rasa da ƙyar, suka tarar tallafin ya janye wasu ɗalibai daga makarantun da suka fi yaye ɗalibansu zuwa waɗanda ba su kai su ba, har adadin masu kammala digiri cikin waɗanda suka samu tallafin ya ragu. Abin da ya ƙara muni shi ne a jami'o'in jihar kuɗin koyarwa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta shi da sauran kuɗaɗen dole da ake caji da wasu sunaye, don haka iyalai suka sauya makaranta saboda rangwamen da bai taka kara ya karya ba. Kalmar kyauta tana da ƙarfi ƙwarai, ita ce ta kai yaran Mishigan jami'a mai inganci, ita ce kuma ta karkatar da na Masachusets, kuma gidan da ba shi da mai bambance makarantu shi ya fi bin ta ido rufe.

Sai batun da nake ganin ya fi kowanne nauyi wajen kammalawa, wato kuɗin zama. Kuɗin makaranta ɓangare ne kawai na abin da karatu ke ci. Akwai haya, da ci, da sufuri, da littattafai, da kwamfuta, sannan akwai wanda ba a rubuta shi a kowace takarda, wato albashin da matashin zai kawo gida da ya kama aiki bayan sakandare. A gidan masu digiri ɗalibi karɓa yake yi daga gida, a gidan da shi ne na farko sau da yawa shi ake jira ya aiko. Sai ya ɗauki aikin dare, ya rage darussa, ya faɗi ɗaya ko biyu, makinsa ya sauka ƙasa da sharaɗin ci gaba da tallafi, a janye, ya tafi da bashi babu shaida. A nan ne tsarin biyan ke da muhimmanci. A Amurka akwai tallafin tarayya na Pell, wanda mafi yawansa ya kai dala 7,395 a zangon 2023 zuwa 2024. Wasu shirye-shiryen karatu kyauta, irin Tennessee Promise, cike giɓi suke yi, wato sai an cire Pell daga kuɗin makaranta sannan su biya abin da ya rage, kuma tunda Pell ɗin mafi talauci ya riga ya rufe kuɗin kwalejin shekara biyu, shi ne ke tashi da mafi ƙarancin sabon kuɗi. Idan kuwa aka fara yafe kuɗin makaranta, Pell ɗin ya rage a hannunsa ya biya haya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shirin da ya fi nuna abin da ke yiwuwa idan aka haɗa komai shi ne ASAP, wanda Jami'ar Birnin New York ta fara a 2007 a kwalejojinta na shekara biyu. Ana cike wa ɗalibi giɓin kuɗin makaranta, a ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta, a ba shi littattafai, a sharɗanta masa karatu na cikakken lokaci, sannan a haɗa shi da mai ba da shawara wanda ɗalibansa ba su da yawa, kuma dole su riƙa ganawa akai-akai. Cibiyar bincike ta MDRC ta gwada shirin da ƙuri'a, bayan shekara uku kashi 40 cikin 100 na 'yan shirin suka kammala, cikin sauran kuwa kashi 22. Da aka kwaikwayi shirin a kwalejoji uku na jihar Ohayo sai aka samu kashi 35 da kashi 19. A ganina mai ba da shawarar nan shi ne ke tsayawa a matsayin uwa ko uban da ya san hanya: shi zai ce kada ka ɗauki waɗannan darussa biyu a zango ɗaya, shi zai ce je ka ga malamin a ofishinsa, ba raini ba ne, shi zai lura cewa yaron ya yi mako biyu bai zo ba tun kafin abin ya zama janyewa. Kuɗi mai kauri shi ma yana aiki idan ya wuce na rajista. A jihar Nebraska, Joshua Angrist da David Autor da Amanda Pallais sun bi tallafin gidauniyar Susan Thompson Buffett da aka raba da ƙuri'a, suka ga ya ƙara kimanin mutum 8 cikin 100 a kan masu kammala digiri, kuma ribar ta fi taruwa a wurin waɗanda da ba don tallafin ba da wuya su shiga karatun shekara huɗu.

Yanzu ga batun aiki. Akwai masu cewa ɗalibin da sai da tallafi ya shiga jami'a da ma can bai dace da ita ba, don haka digirin ba zai amfane shi ba. Hujja ta saɓa wa wannan magana. Seth Zimmerman ya duba ɗaliban da suka haye makin shiga wata jami'ar gwamnati a Fulorida da ƙyar, ya tarar bayan shekara 8 zuwa 14 da gama sakandare waɗanda suka samu gurbin ta wannan hanya suna samun kuɗin da ya ɗara na waɗanda suka rasa shi da ƙyar da kimanin kashi 22 cikin 100, kuma ribar ta fi yawa a wurin maza da kuma 'ya'yan talakawa. A Teksas, Jeffrey Denning da Benjamin Marx da Lesley Turner sun gano cewa ƙarin tallafi ga sababbin ɗaliban jami'a mafi talauci ya ƙara yawan masu kammalawa da kuma albashinsu, har harajin da suka biya daga baya zai iya mayar wa gwamnati kuɗinta cikin shekara goma. A Ohayo, bayan shekara shida, 'yan shirin da aka kwaikwayo daga ASAP suna samun kimanin kashi 11 cikin 100 fiye da sauran. A Kolambiya, shirin Ser Pilo Paga da aka fara a 2014 yana ɗaukar haziƙai kimanin 10,000 a shekara daga gidajen talakawa, ya biya musu karatu da kuɗin zama, amma a jami'o'in da aka tabbatar da ingancinsu kawai, kuma binciken Juliana Londoño-Vélez da abokan aikinta ya nuna ya kusan rufe giɓin shiga jami'a tsakanin haziƙin talaka da haziƙin mai kuɗi, ya kuma ɗaga abin da suke samu bayan sun fita. An dakatar da ɗaukar sababbi a 2018, bayan ƙorafin tsadarsa da kuma cewa mafi yawan kuɗin jami'o'i masu zaman kansu ke tafiya.

Amma samun fiye da abin da za ka samu da ba ka yi digiri ba daban yake da kamo abokin zamanka a aji. Cibiyar Pew ta fitar a 2021 cewa a Amurka, gidan da mai digiri na farko a danginsa ke jagoranta yana samun matsakaicin dala 99,600 a shekara, na mai digiri ɗan masu digiri kuwa dala 135,800, a dukiyar da aka tara kuma dala 152,000 ne da dala 244,500. A Ingila, Anna Adamecz-Völgyi da Morag Henderson da Nikki Shure sun gano cewa mata masu digiri na farko a gidansu suna samun kimanin kashi 7 cikin 100 ƙasa da takwarorinsu a shekara 25 da haihuwa, maza kuwa ba a ga wannan giɓi a wurinsu ba. Dalilan suna komawa ga abubuwan da yafe kuɗi ba ya taɓawa: wace jami'a aka shiga, wane kwas aka zaɓa, ko an samu zaman koyon aiki a kamfani lokacin hutu, wanda sau da yawa ba a biya kuma sai mai wanda zai ciyar da shi ke iya yi, da kuma wanda zai ɗaga waya ya ce ga yarona nan. Ɗalibi na farko a gidansu kan karɓi aikin farko da ya samu saboda ana jiransa, ba shi da sararin jira wata shida don wanda ya fi, kuma albashin farko kan ja na gaba. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, amma jami'ar da ta ɗauki ofishinta na haɗa ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata da muhimmanci tana iya rage tazarar.

Akwai kuskuren aunawa da nake so ki kiyaye idan kika ga rahoto a kan irin wannan shiri. A shekarun farko, adadin matasan da ke aiki cikin waɗanda suka amfana zai ragu, domin waɗanda da suna aiki yanzu suna aji, kuma wanda ya auna a wannan lokaci zai ce shirin ya rage aikin yi. Sai an jira har sun fita sun yi 'yan shekaru, sannan a duba irin aikin, ko na albashi ne mai tabbas, ko yana buƙatar karatun da aka yi. Haka kuma yafewa tana ƙara masu digiri ne, ba ta buɗe masana'anta, don haka idan aka tura dubban matasa kwas ɗaya a tattalin arziƙin da ba ya faɗaɗa, wasu za su riƙe shaidar da kasuwa ba ta nema.

Game da ko ma'aunin na farko a gida ya fi na kuɗin shiga, ra'ayina shi ne a haɗa su inda za a iya. Akwai ɗan attajirin ɗan kasuwa da bai yi boko ba, wanda zai ci tallafin alhali ba ya buƙata, akwai kuma 'yar malamin makaranta mai digiri da ya rasu ya bar su babu komai, wadda za a hana. Yafe wa kowa da kowa shi ma yana da nasa haɗarin inda gurabe ke da iyaka. Lokacin da Chile ta fara karatu kyauta a 2016, Alonso Bucarey ya yi lissafin cewa faɗaɗa shi zuwa masu matsakaicin hali na iya ture 'ya'yan talakawa daga kwasa-kwasan da ake rububi, tunda waɗancan sun fi su makin shiga. Ingila kuma ta bi akasin hanya, ta ɗaga kuɗin jami'a daga fam 1,000 a 1998 zuwa fam 9,000 a 2012, amma shigar 'ya'yan talakawa ba ta faɗi ba, saboda daga 2006 babu mai biya a ranar rajista, ana ba da rancen kuɗin zama, kuma ba a fara cire bashin daga albashi sai ya kai wani mataki.

Abu ɗaya da lissafin riba da asara kan manta shi ne ƙanne. Wani babban bincike da ya haɗa Amurka da Chile da Suwidin da Kuroshiya ya nuna cewa idan wa ko ya ta samu shiga wata jami'a da ƙyar, ƙanne sun fi bin ta can, a Amurka ma har yiwuwar su shiga karatun shekara huɗu gaba ɗaya tana ƙaruwa. Ma'ana wanda aka yafe wa yau shi ne zai cike wa ƙanwarsa fom gobe, ya gaya mata wane kwas ne ke da aiki. Wannan ne ma ya sa sharaɗin mutum ɗaya a gida yake da ɗan abin kariya, ko da yake sanin hanya ba ya biyan kuɗin rajistar ƙanwar.

A aikinki, Malama, abin da wannan duka ke nufi a aikace kaɗan ne amma yana hannunki. Ki sanar da ɗalibai da iyayensu labarin tallafin tun kafin shekarar ƙarshe, da adadi a rubuce, domin shawarar barin karatu a gida ake yanke ta kuma da wuri. Ki zauna da su ku cike takardun tare maimakon ki miƙa musu. Idan ɗalibi ya zo da murnar an yafe masa, ku lissafa tare abin da ya rage na haya da sufuri da littattafai na shekara guda, da inda zai fito, ku karanta sharaɗin makin da ake buƙata don a ci gaba da biya. Sannan kafin ya zaɓi makaranta saboda kyauta ce, ku nemi sanin mutum nawa cikin ɗari ke kammalawa a can, da inda waɗanda suka gama kwas ɗin da yake so suke aiki bayan shekara biyu ko uku da fita.